Gasar sarauniyar kyau da fatar ƙanwata: jawabin wata ƴar Filifin

Iyayena mata da ke zaune nan gaba, ina gaishe ku. Ƴan mata da samari, sannunku da zuwa, sannu da haƙurin zafi. Ku yi mini afuwa da Hausata, a bakin gadon marasa lafiya na koye ta, shi ya sa na fi iya cewa "ina ke miki ciwo" da iya jawabi. In na karya harshe ku yi dariyarku, ba komai, yaran unguwarmu sun fi shekara goma suna gyara mini.

Ni ƴar ƙasar Filifin ce, ma'aikaciyar jinya, shekarata 15 a ƙasar nan. Da aka ce in zo in yi magana kan kyau da shafe-shafen fata, na san abin da ake jira daga gare ni: in zo da hotunan fatar da ta lalace in tsorata ku. Ina da su, amma na bar su gida. Abin da na zo da shi wani aibu ne nawa. Ni mayyar kallon gasar sarauniyar kyau ce, tun ina yarinya har yau da furfura ta fara fito mini. Na san da yawanku ba ku yarda da wannan abu ba, don addini da kuma kunya irin ta gida, kuma na san a 2002 maganar gasar Miss World ta jawo asarar rayuka masu yawa a Kaduna har aka maida ta Landan. Ban zo in sa ku so ta ba. Na zo in faɗa muku abin da ta ba ni da abin da ta karɓe a gidanmu.

Ƙasarmu tsibirai ce, sun fi 7,000, mutane sun haura miliyan 100. Abu uku ke tsayar da mu cak: ƙwallon kwando, dambe, da gasar kyau. Kun ga yadda gari ke yin tsit ranar ƙarshe ta kokowar takobi, mai shago ya bar shago, ɗan kabu-kabu ya jingine babur ya leƙa tele? To haka muke ranar Miss Universe. Yawanci da safe take faɗowa a agogonmu, sai ka ga ofis kowa ya taru kan allo ɗaya, malamin lakwal ya rasa yadda zai yi da yara. Wanda bai san sunan ministan kuɗi ba zai lissafa maka sarauniyoyinmu huɗu ba tuntuɓe: Gloria Diaz a 1969, Margie Moran a 1973, Pia Wurtzbach a 2015, Catriona Gray a 2018. In ka ba shi dama ya ƙara maka Megan Young da ta ci Miss World a 2013, da guda shida na Miss International, da huɗu na Miss Earth, wadda ma a ƙasarmu aka ƙirƙire ta a 2001.

Ruwa ba ya tsami banza. Sifaniyawa sun mulke mu shekara 333, da suka tafi a 1898 Amurka ta karɓa har 1946. A zamanin Amurkawa, a 1908, aka fara wani babban biki a Manila ana zaɓen sarauniya. Wadda aka fara naɗawa cikin ƴan ƙasa, Pura Villanueva, ƴar lardinmu ce, Iloilo, kuma marubuciya ce mai fafutukar mata su samu ƴancin jefa ƙuri'a, abin da aka samu a 1937. Kun ga tun farko abin a cakuɗe yake: biki ne na masu mulkin mallaka, amma matar da suka ɗora wa kambi ba ƴar tsana ba ce.

Mahaifiyata, Nanay muke cewa, a rediyo ta ji nasarar Gloria Diaz, kwana ɗaya kafin Amurkawa su taka wata. Har ta rasu tana maimaita barkwancin lokacin, wai su sun ci wata, mu mun ci duniya da abin da ke cikinta. Mace ce mai sayar da busasshen kifi, ba ta taɓa sa takalmi mai tsini ba, amma in tana ba da labarin sai ta miƙe wuya kamar ita aka naɗa. Abin da ba ta cika faɗa ba shi ne na 1974. Shekara biyu bayan Ferdinand Marcos ya kafa dokar soja, matarsa Imelda ta kawo Miss Universe Manila. Cikin kwana 77 aka gina zauren da aka yi bikin. Unguwannin talakawa da ke kan hanyar baƙi kuwa aka kare su da shinge don kada ido ya gani. Ana ɗaure ƴan adawa, ana watsa murmushin ƴan mata zuwa duniya. Wannan ban koye shi a gida ba, sai da na girma.

Nawa ciwon ya kama ni a 1994, da gasar ta sake zuwa Manila. Shekarata 16. Ƙauyenmu na masunta ne a bakin teku, tele ɗaya ce a gidan mai unguwa, aka fito da ita tsakar gida, muka zauna a ƙasa kamar masu jiran rabon zakka. Ba'indiya ce ta ci, Sushmita Sen, kuma mutanenmu suka so ta har aka riƙa sa wa jarirai sunanta. Da muka koma gida na cire labulen ɗaki na naɗa wa ƙanwata, na yanka kwali na manna masa takardar sigari mai ƙyalli na ɗora mata a ka. Shekararta 8. Na sa mata littafi a ka na ce ta yi tafiya kada ya faɗi. Na riƙe cokali a matsayin makirfo ina yi mata tambaya, tana amsawa da Turancin da ba ta iya ba. Tun daga ranar duk yamma sai mun yi. Ita ba ta ce mini Yaya, Manang take cewa, haka ake kiran babbar ƴar uwa a harshenmu. "Manang, in juya yanzu?" In ce juya, ɗaga haɓa, yi murmushi.

Ƙanwata ta fi ni kyau nesa ba kusa ba. Doguwa ce, ga wuya, ga idanu. Amma ta ɗauko launin mahaifinmu, wanda rana da gishirin teku suka gasa shekara da shekaru. Ni na ɗan fi ta haske, abin da ku ke cewa wankan tarwaɗa, mu muna cewa kayumanggi. A wurinmu launi yana da matakala. A sama akwai mestisa, mai jinin Turawa, fara mai dogon hanci. A tsakiya mu. A ƙasa kuma sai a kira ka Ati. Ati mutane ne na gaske, su ne ƴan asalin tsibirinmu, baƙaƙe masu murɗaɗɗen gashi, sun riga kowa zama a wurin. Ku ji abin kunya: kowane watan Janairu a birnin Iloilo muna yin bikin Dinagyang, samari su shafe jiki da baƙi su yi rawa a titi da sunan Ati, baƙi daga ko'ina su zo su tafa. Sauran wata goma sha ɗaya kuwa sunan nan zagi ne a bakin yara. Shi ake jifar ƙanwata da shi a hanyar lakwal.

Akwai wani abu da ban taɓa faɗa a gaban ƴan Afirka ba, yau zan faɗa. A 1999 ƴar takararmu Miriam Quiambao ta zame ta faɗi a kan dandamali a Tirinidad, ta tashi ta buɗe hannu tana murmushi, duk ƙasa ta haukace da sonta. Ta kai har biyun ƙarshe. Wadda ta doke ta ita ce Mpule Kwelagobe ta Botswana, baƙar mace ta farko daga Afirka da ta ci Miss Universe. Ranar a ɗakin kwanan ɗaliban jinya muka kalla. Abin da aka faɗa kan fatar matar nan ba zan maimaita ba. Ni ban faɗa ba, amma na yi dariya, kuma a raina na yarda an yi mana fashi, don na kasa gane yadda za a ce wannan ta fi tamu kyau. Ban taɓa zama da baƙar fata ɗan Afirka ba a lokacin. An riga an koya wa idona abin da zai gani tun kafin in san ana koya masa. Ku yafe mini, iyayena. Da na san hannuwan da za su riƙa kawo mini fura in na yi zazzaɓi a garin nan, da na haɗiye dariyar.

A 2002 ƙanwata ta cika 16, ta shiga gasar sarauniyar bikin ƙauyenmu. Kada ku ɗauka irin ta tele ce. A irin waɗannan na ƙauye, sau da yawa kuɗi ne ƙuri'a: kowace yarinya danginta su sa kuɗi a ambulan, a ce za a gyara coci ko filin wasa da su, wadda aka fi tara wa ta hau gaba. Mahaifinmu ya jinginar da tarunsa. Ni na aiko da rabin albashina na farko. Ta yi tafiyar da na koya mata ba kuskure ko ɗaya, wallahi har yau ina ganin ta cikin rigar haya mai ruwan ɗorawa. Ɗiyar wani mai shagon kayan gini ce ta ci, fara sol. Wannan bai dame ni sosai ba, sun fi mu kuɗi, kowa ya sani. Abin da ya tsaya shi ne maganar goggonmu a hanyar gida. Ta dafa kafaɗarta cikin tausayi ta ce, "Ke kam kyakkyawa ce, baƙin ne kawai ya cuce ki. Amma kada ki damu, kyan hali ya fi."

Sati biyu bayan nan na dawo daga birni da tsaraba. Sabulun gwanda ne mai hasken fata, guda uku. Ni na saya, da kuɗina, da hannuna na ba ta, ni da na karanta aikin jinya. Na ɗauka taimako nake yi.

Sabulu bai yi abin da take so ba, sai ta koma man da ake sayarwa a ƙananan kwalabe a bakin kasuwa, wanda rubutun jikinsa ba mai iya karantawa. Ta yi haske kuwa, kuma nan ne masifar take, don abin yana aiki. Mutane suka fara ce mata ta yi kyau. Daga baya ta tafi Hong Kong aikatau, kamar dubban matanmu. Ranar Lahadi kaɗai suke da hutu, su fito su shimfiɗa kwali a ƙarƙashin gadoji su ci abinci tare, kuma ko a can gasar kyau suke shiryawa tsakaninsu. Akwai wani fim na gaskiya da aka yi kansu, Sunday Beauty Queen, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Manila a 2016. Mace ta kwana shida tana wanke bayin wasu, ranar bakwai ta sa doguwar riga a kira sunanta da lasifika, kafin dare ta cire ta ruga don kada ta makara a rufe mata ƙofa. In kun ga wannan ba za ku iya raina su ba. Ƙanwata ta shiga irin wannan sau da yawa, har ta taɓa cin ta biyu. Kuma duk lokacin tana ƙara shafawa.

Wata rana ta kira ni, ina nan garin, ta ce ƙafafunta sun kumbura takalmi ba ya shiga, fuska ma da safe a kumbure, fitsari yana kumfa. Na ce maza ki je likita. Bayan gwaje-gwaje likitan ya yi mata tambaya ɗaya: me kike shafawa? Man nan yana ɗauke da sinadarin merkuri, ya bi fata ya shiga jini ya taɓa ƙoda. Dokar ƙasashen yankinmu ta ce kada merkuri ya wuce kashi ɗaya cikin miliyan a kayan shafa, amma ƙungiyoyi irin su EcoWaste Coalition sun sha sayo irin waɗannan kwalabe a kasuwannin Manila su auna su samu ya ninka haka sau dubbai. Masu gidan suka soke kwantiraginta, kuma dokar can ta ce ƴar aiki in aikinta ya ƙare sati biyu gare ta ta bar gari. Ta dawo ƙauye da akwati ɗaya da takardun asibiti. Allah ya taimaka ƙodar ta farfaɗo bayan doguwar jinya, amma kumatunta sun yi dabbare-dabbare, baƙi ya dawo fiye da na da, kuma ba iri ɗaya ba. Ba ta taɓa ce mini "ke kika fara" ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Yanzu za ku ce, to bayan duk wannan ai kin bar kallon. Ban bari ba. Daren 20 ga Disamba 2015, wayewar 21, ina zaune a ɗakina nan cikin ɗarin hunturu, na lulluɓa da bargo, ƙarfe uku na dare ya wuce, rezo yana zuwa yana ɗaukewa, na zuba kiredi har sau biyu. Mai gabatarwa, Steve Harvey, ya ce ƴar Kolombiya ce ta ci. Aka ɗora mata kambi. Na kashe sauti na fara kuka. Sai na ga mutumin ya dawo da kati a hannu yana ba da haƙuri, wai ya yi kuskure, Filifin ce. Ihun da na yi, mai gadinmu ya zo da sanda yana tambaya ko ɓarawo ne. Na ce masa, "Baba, mun ci!" Ya ce, "Ƙwallo?" Na rasa yadda zan yi masa bayani, na ce e, ƙwallo.

Me ya sa mace mai hankalinta za ta yi haka? Sai kun san yadda ake jin sunan ƙasarmu a duniya. In an ambace mu a labarai, ko mahaukaciyar guguwa ce, kamar Haiyan ta Nuwamba 2013 da ta kashe mutum fiye da 6,000 ta kuma bi ta arewacin lardinmu, ko wata ƴar aiki ce aka ci zarafinta a ƙasar Larabawa. Miliyoyinmu suna waje, muna aika wa gida fiye da dalar Amurka biliyan 30 a shekara, amma a filin jirgi in an ga fasfonmu an riga an yanke mana sana'a. Ku ma da ƴan uwanku ke tafiya neman kuɗi kun san wannan kallon. To dare ɗaya a shekara ana kiran sunan ƙasar da ƙarfi, mutane su miƙe tsaye, ba don tausayi ba. Kuma Pia ba ta samu a sama ba: sau uku tana shiga gasar gida kafin ta ci, kuma tun tana ƙarama ita ke ɗaukar nauyin gidansu da aikin fim da talla. Mun ga kanmu a cikinta.

Sai dai ku duba fuskokin. Pia mahaifinta Bajamushe ne, a Jamus aka haife ta. Catriona a Ostireliya aka haife ta, mahaifinta ɗan asalin Sikotlan. Megan Young a Amurka, uba Ba'amurke. Ba laifinsu ba ne, ƴan ƙasa ne kamar ni, kuma sun yi aiki tuƙuru. Akwai ma masu duhun fata da suka yi nisa, kamar Venus Raj da ta zo ta biyar a 2010, ɗiyar talakawa daga ƙauye. Amma yarinya ƴar shekara 8 da ke zaune gaban tele ba tarihi take karantawa ba, fuska take kallo, kuma tsakanin zagaye da zagaye abin da na tashi ina gani tallar man hasken fata ne. Gasar nan kasuwanci ce, kada mu ruɗi kanmu. Donald Trump ya mallake ta daga 1996 zuwa 2015, a 2022 wani kamfanin Tailan ya saye ta dalar Amurka miliyan 20. A gida kuma akwai sansanonin horo, irin su Aces and Queens da Kagandahang Flores, inda ake kwashe watanni ana koya wa yarinya tafiya da juyi da yadda za ta amsa tambaya cikin daƙiƙa 30. A ƙarƙashin wannan duka akwai wata kasuwar, ta sabulu da ƙwayoyi da ƙarin ruwan gulutatayon da ake ɗura wa mata a jijiya, wanda hukumar magunguna ta ƙasarmu ta yi gargaɗi a kansa tun 2011, amma ba a fasa ba.

Da na zo nan sai abin ya juye mini. Ni da a gida ake ce wa in guji rana kada in ƙara baƙi, a nan yara na bi na suna "Anasara! Shinuwa!" Mata a wurin awo su kama hannuna su shafa su ce, "Madam, don Allah wane mai kike shafawa?" Fatar nan dai ita ce, ba ta canza ba, jirgi kawai na hau. A can ba ta kai ba, a nan ana neman sirrinta. Kuma na ji kirarin da ake yi, farar mace alkyabbar mata, na ce ashe goggona tana da dangi a Maraɗi. Sannan na ga abin da na sani: fuska fara, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, nankarwa mai faɗi a cinya da hannu, fata ta yi siriri har jijiya na nunawa. Mayukan nan galibi abu uku ne a ciki, haidirokwinon, ko kotikoyid mai ƙarfi da aka yi don ciwon fata na ƴan kwanaki, ko merkuri. Kotikoyid in an daɗe ana shafa shi a duk jiki yana iya kawo hawan jini da ciwon sukari, kuma in an yi wa mace aiki wajen haihuwa ɗinkin ya ƙi kamawa, don fatar ta zama kamar tsohon zane. Na riƙe irin wannan fatar da hannuna. Duk lokacin sabulu uku nake tunawa.

Samari, na ga kuna murmushi a baya can, kamar maganar ba taku ba ce. Taku ce. Yarinya ba ta kashe jika biyu ko uku kan kwalba don madubi. A fada in kuna shan shayi, wace kuke yabawa in ta wuce? Sun ji ku. Ƙasarku ma tana da abin da za ta koya mana a nan: a Gerewol na Woɗaaɓe maza ne ke shan kwalliya su jera suna zare ido da haƙora, mata su zaɓa. Da na fara ganin hotonsa na yi dariya na ce, da za a jera mazan ƙauyenmu haka yini ɗaya a rana ana duba su, da sun rage baki.

Yanzu ga inda na fi so ku saurare ni, don a nan ne nake saɓa wa masu wa'azin kyau, har da na kan dandamali. Kowace ƴar takara in an tambaye ta sai ta ce kyau na gaskiya a zuci yake. Tana faɗa tana sanye da rigar da kuɗinta zai sayi kwale-kwalen mahaifina. Ba ƙarya ba ce, hali ya fi fuska, kowa a nan ya sani, tsofaffinku sun faɗa tun kafin a haifi Miss Universe. Kuma muna da sarauniyoyin da suka nuna haka da rayuwarsu. Maita Gomez ta wakilce mu a Miss World a 1967, daga baya ta bar duk wannan ta shiga daji tana yaƙar mulkin Marcos. Nelia Sancho ta ci kambi a 1971, gwamnatin Marcos ta ɗaure ta, ta fito ta ƙare rayuwarta tana tsaya wa tsofaffin matan da sojojin Japan suka yi wa fyaɗe a yaƙin duniya na biyu. Su biyun suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar mata ta GABRIELA a 1984. Waɗannan in an ce kyan hali, na yarda.

Amma ku tuna lokacin da aka faɗa wa ƙanwata kyan hali ya fi. A hanyar gida ne, bayan ta faɗi, kuma a jimla ɗaya da "baƙin ne ya cuce ki". Maganar ta zama ta'aziyya. Wanda ya ce wa baƙar yarinya "kada ki damu, zuciya ake dubawa" ya riga ya yarda fuskarta ta faɗi jarrabawa, yana ba ta haƙuri ne kawai. Yara ba wawaye ba ne, suna jin abin da ke ƙasan magana. Ƙanwata ba ta rasa hali ba, kuma ta san ba ta rasa ba. Abin da ba wanda ya faɗa mata, har da ni da nake ɗora mata kambin kwali kullum, shi ne fuskar nan da launin nan, yadda suke, kyawawa ne. Kuma gaskiya ce, ba lallashi ba. Ina da hotonta na kafin sabulun, in na duba yanzu sai in rasa abin da ya rufe mana ido.

A 2019 Zozibini Tunzi ta Afirka ta Kudu ta ci Miss Universe da gajeren gashinta na halitta, baƙa, ba ƙari ba komai. Wannan karon tare da abokan aikina na nan muka kalli maimaicin, kuma na tafa har hannuna ya yi zafi, ina tuna dariyata ta 1999. Sannan a watan Mayu 2024 abin da ban zata zan gani ba ya faru: ƙasata ta zaɓi Chelsea Manalo, ɗiyar baƙar fata Ba'amurke da ƴar Filifin, ta wakilce mu, ta farko irinta. Ta faɗa da bakinta cewa an sha tsokanar ta kan fatarta da gashinta. A babbar gasar a Meziko ba ta ci ba, ƴar Denmak ce ta ci, Chidimma Adetshina ta Najeriya ta zo ta biyu. Kada mu yi saurin guɗa dai. Gasar ta canza dokoki, yanzu matar aure da uwa na iya shiga, an cire iyakar shekaru, amma kamfani ne, ya ga inda kasuwa ta nufa. Kuma har yanzu ina jiran ranar da ɗiyar Ati daga tsaunukan tsibirinmu za ta tsaya a wurin da sunan ƙasar da kakanninta suka riga kowa zama.

Daren da aka naɗa Chelsea na kira ƙanwata. Tana da ɗan shago yanzu a ƙauye, tana da miji da ƴaƴa biyu, in za ta fita sai ta shafa hoda mai kauri a kumatu. Na ce, kin gani? Ta ce ta gani. Muka yi shiru, kuɗin waya na tafiya. Na ce mata, sabulun nan da na kawo miki, ki yafe mini. Shekara 22 ina ɗauke da maganar. Ta yi dariya ta ce, "Manang, ai da ba ki kawo ba da na saya da kaina." Ban sani ba ko don ta sauke mini nauyi ta faɗa.

Sai ta ce akwai wata magana. Ɗiyarta ta fari, shekararta 14, doguwa, launin kakanta sak, ta ga Chelsea ta ce ita ma za ta shiga gasar bikin ƙauye in ta kai 16. Kuma wai an gaya mata goggonta da ke Afirka ce ta iya koyar da tafiya. Ƙanwata ta ce, "Ni na ce mata ta tambaye ki." Hutuna na zuwa, tikiti na hannu, kuma har yau da nake tsaye gabanku ban yanke abin da zan ce wa yarinyar ba. In na ce a'a, zan zama ta farko da ta gaya mata wurin ba nata ba ne. In na ce to, na san ambulan, na san goggonni, na san masu kwalabe suna nan bakin kasuwa inda na bar su.

Iyayena mata, ku kun aurar da ƴaƴa kun ga jikoki, kun fi ni sanin yadda ake magana da yarinya mai shekara 14. In an buɗe fili, kafin a yi mini tambayar magunguna, ina roƙon ɗaya daga cikinku ta fara ba ni tata shawarar.